Gwaggo Mai Hoto da Tawul Ɗinta Mai Ɗumi

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin hoto, ɗan ƙaramin ɗakin nan na ƙarshen baranda, daura da sashen wankin ƙoda. Kafin ta taɓa komai sai ta kashe na'urar sanyaya ɗaki, ta jona butar lantarki, ta jiƙa tawul biyu a ruwan ɗumi, ta tsoma robar man da take shafa wa majinyata a ciki. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka. Ƙananan likitoci suna kiran ɗakin nata gidan burodi saboda zafi, tana ji, ko a jikinta. Majinyata kuwa Gwaggo Mai Hoto suke ce mata, har waɗanda suka haife ta.

Aikin nata ba ya jan ido. Wanda za a daɗe ana wanke wa jini yana bukatar hanya a hannu: likitan tiyata ya haɗa jijiyoyi biyu, su yi kauri har su jure allura sau uku a mako. Amma likita ba ya sa wuƙa sai Gwaggo ta leƙa ƙarƙashin fata da na'urarta, ta auna faɗin jijiya, ta ce ga wadda za ta yi. In ba a samu ba, sai mutum ya zauna da roba a wuya, ta nan ake jan jinin ana mayarwa.

Haka wani direban babbar mota ya zauna wata takwas. Sau biyu ƙwayoyin cuta suna bin robar su shiga jininsa, na biyun saura ƙiris zazzaɓi ya tafi da shi. An hana ruwa taɓa wurin, don haka wankansa ya koma goge-goge da tsumma, matarsa na taya shi. Mutumin da ya saba keta ƙasashe, abin ya ci masa rai ƙwarai.

An auna shi lokacin Gwaggo tana hutu. Wani sabon likita ne ya yi awon, ya rubuta cewa jijiyoyin hannu biyun duk sun yi siriri, ba za su yi ba. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya rubuta. Da ta dawo, babbar nas ta miƙa mata takardar, ta karanta, ta ɗago kai.

"Yaushe aka auna shi?"

"Ana sauke shi daga injin wanki aka turo shi."

"Sanyin nan a kunne?"

"Kin san yaran nan da sanyi."

"To ai shi ke nan. An tatse wa mutum ruwan jiki, an sa shi a firji, sannan a ce jijiya ta fito gaisuwa? Ku kawo min shi ranar da ba shi da wanki."

Ranar Laraba ya zo, fuska ba walwala. Ta naɗe masa hannun hagu da tawul mai ɗumi, ta ɗaure dantsen, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ja kujera ta hau tambayarsa yadda ake canza tayar babbar mota. Layi ya taru a waje, ana leƙowa, ba ta ko waiwaya ba.

"Gwaggo, awo za ki yi ko dafa ni za ki yi?"

"In ka nuna zan gaya maka. Ci gaba da matsawa."

Minti ashirin suka ɗauka. Da ta ɗora kan na'urar, ta bi hannun a hankali daga wuyan hannu zuwa sama, sai ga jijiyar a allon na'urar, kaɗan saman gwiwar hannu, ta buɗe ɓul. Ta auna sau uku. Sannan ta aika aka kira sabon likitan, ta miƙa masa na'urar ta ce, "Likita, taimaka ka duba min nan, idona ya tsufa." Da hannunsa ya auna, da hannunsa ya gyara takardar, ba wanda ya ji kunya. Ta zana layi da biro a kan fatar, ta juya ga matar direban: "Wannan hannun daga yau ba allura, ba awon hawan jini, ko agogo kada ya ɗaura. Duk wanda ya matsa, ki ce ni na hana."

Gwaggo, ke ce mai haƙurin jiran jijiya. Sunan likitan tiyata ake tunawa, naki kuwa yana can ƙasan takarda inda ba mai karantawa, kuma ba a taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Ke kika koya wa sashen nan cewa kafin a ce wa mutum ba hanya, a tambayi yaushe aka duba shi, kuma a wane hali. Masu tasowa, na'ura kowa zai iya koyonta cikin wata shida. Ku koyi wannan tambayar, ku koyi minti ashirin ɗin nan.

A makon da Gwaggo za ta ajiye aiki direban ya shigo, wuyansa ba roba, sai ɗan tabo. An yi tiyata, hanyar ta yi ƙarfi, ita da kanta ta sake aunawa ta ce a fara amfani da ita. Ya durƙusa, ta ce ya tashi kada ya ɓata mata ɗaki da kuka.

"Gwaggo, ranar da aka ce wurin ya warke, bokiti uku na sheƙa a kaina. Sai da matata ta buga ƙofa ta ji ko lafiya."

Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya haɗa ki da mai haƙuri irin naki ranar da naki hannun zai bukaci a duba shi.