Takardar Sigari a Gidan Fis

Har yau in na ji warin roba tana ƙonewa, ko a bola ne, sai in tuna da surukina. Ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, kuma ina yi masa addu'a yadda ya kamata. Amma haushin abin da ya yi mini bai bi shi kabari ba. Yana nan tare da ni.

Lokacin muna cikin jihar Gongola ne. Ina da akori-kura fara, wadda na saya a hannu bayan na sayar da shanun da na gada da keken ɗinkina. Da ita nake ɗauko gyaɗa da wake da dawa daga ƙauyuka zuwa kasuwar Mubi. In ta tsaya, tukunyar gidana ta tsaya. Shi ya sa nake kula da ita har maƙwabtana a Yelwa suna yi mini dariya. Ko a shimfiɗaɗɗen wuri na ajiye ta sai na sa dutse a bayan taya. In na kulle ƙofa na tafi, sai na dawo na ja hannun ƙofar in tabbatar. Ban taɓa jin kunyar haka ba.

Rediyon da na same ta da shi tsoho ne mai sifika ɗaya, da an hau gargada sai ya kama shuu kamar ana suya. Na daɗe ina sha'awar mai kaset. Da wani mai shigo da kaya daga Kamaru ya kawo sabo a kwali, da sifika biyu, na saya. Kowa ya ce in kai wa masu riwaya na tasha, wato masu gyaran wayoyin mota, su haɗa mini. Na ƙi. Na sha zama a rumfarsu ina kallon aikinsu. Da haƙori suke feɗe waya, su murɗa, su cusa ta ciki ba salatif, in sun gama a ga kusoshi sun yi saura a ƙasa su ce ba su da amfani. Karatuna bai wuce firamare ba, amma akwai zane a jikin kwalin, kuma na san ja na san baƙi.

Na zaɓi ranar da ba ni da lodi. Da hantsi na ajiye motar a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na fara cire kan batir, don kada wuta ta yi yawo ina aiki. Na kwance tsohon rediyon, kowace kusa na cire sai in sa ta a cikin tasa. Sifikun kuwa ban yarda na huda jikin mota ba, akwatunan katako na sa kafinta ya yi mini, na zaunar da su a bayan kujera. Abin da ya fi damuna ita ce jar waya mai kawo wuta. Dole ta bi ta wani rami a jikin ƙarfe, bakin ramin kuma yana da kaifi, har ya yanke ni a yatsa. Don haka na yanko guntun tsohon tub na taya, na naɗe wayar da shi daidai wurin, na bar ta da tsawo kada ta ɗame. A tsakiyarta akwai ɗan gidan fis, wato mazaunin siririyar kwalbar nan da ke tsinkewa in wuta ta bi inda bai kamata ba, don ita ta mutu mota ta tsira. Na sayi wani fis na ajiya, na sa a aljihu.

Saura kaɗan in gama sai na ji sallama a bayana. Mahaifin matata ne, ya shigo daga Mayo Bani gaisuwar rasuwa a unguwarmu, ya biyo ya duba jikokinsa. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi Jos ya yi Maiduguri tun hanya tana jar ƙasa, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Na fito da sauri, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Mu haka aka rene mu. Suruki ba a kallon idonsa, ba a cin abinci a gabansa, in ya ce rana ta faɗi da tsakar rana sai ka ce haka ne, Baba. Ina durƙushe ina jero gaisuwa, kaina a ƙasa, sai na ji kujerar mota ta yi ƙara. Ya shige. Ya ture tasar kusoshina gefe da gwiwa.

“Me kake yi haka, yaro?”

“Ɗan rediyo ne nake sawa, Baba. Na ma kusa gamawa.”

“Wannan jelar fa? Igiyar shanya za ka yi a cikin mota?” Ya jawo jar wayata. “Miƙo filaya.”

Da hannuna na miƙa masa. Ya datse wayar, ya zare robar tub ɗin da na ɓata lokaci ina naɗawa, ya jefar ta taga. “Waya da rigarta, kai kuma ka sa mata bargo. Sanyi take ji?” Ya sa haƙori ya feɗe bakinta. Abin da na guda a tasha, ga shi ya same ni a ƙofar gidana.

Na ce a hankali, “Baba, bakin ramin nan yana da ɗan kaifi.”

“Ni za ka gaya wa rami? Ina tuƙi ba a yi maka kaciya ba.”

Maƙwabta biyu da suka matso kallo suka kwashe da dariya. Na zame na shiga gida wajen matata, na same ta tana dama kunu. Na ce, “Don Allah ki kira Baba ciki ya huta, zai lalata mini mota.”

Ta zaro ido. “Ni? Ka manta ni ce 'yar farinsa? Ko sunana ba ya faɗi, ni zan je in ce ya fito daga mota? Ka yi haƙuri, maigida, in ya tafi ka gyara.”

Ta zuba kunu a kofi ta ba ni in kai masa. Taimakon da na samu ke nan.

Da na dawo ya riga ya murɗe wayoyin, ba salatif ba komai. Ya ce in mayar da kan batir. Na mayar. Rediyon ya kawo haske. Ya tura shi cikin gurbinsa da tafin hannu, sai muka ji ɗan ƙas, hasken ya ɗauke. Fis ya tsinke. Na ji daɗi a raina, na ce yanzu zai gane waya tana taɓa ƙarfe. Ya ce in kawo wani fis. Na ciro na aljihuna. Ya jawo rediyon, ya sa, ya sake turawa. Ƙas.

“Fis ɗin yanzu rago ne,” in ji shi. “Na banza suke kawowa.”

Ya laluba aljihun babbar rigarsa ya fito da kwalin sigari. Ya yago takardar nan mai ƙyalli ta ciki, ya naɗe mataccen fis ɗin da ita tsaf, ya mayar cikin gidansa. Na san dabarar, kowane direba ya san ta. Wuta za ta wuce, kuma ko me ya faru ba abin da zai tsinke. An cire mai gadi an ajiye gunki a ƙofa.

Wannan karon ya lallaɓa rediyon ya shiga. Ya sa kaset ɗin wani mai kukuma da na saya don gwaji. Sifikun nan biyu suka ɗauka, sauti garau, har mata suka leƙo ta zaure. Maƙwabcina ya ce, “Kai, Baba, hannun manya daban ne!” Ni ina tsaye ba takalmi, zufa tana bin bayana. Abu ɗaya nake jira, ya fita ya shiga gida, in cire takardar nan in sake aikin daga farko.

Ya gyara zama a kujerar fasinja, ya rufe ƙofa. “To, kai ni gida. Mu ji shi a hanya.”

Na ce akwai abinci a wuta. Ya ce ya ƙoshi. Na ce bari in ɗan tattara kayan aiki. Ya ce ba wanda zai sace tasa. Abin da kawai na iya yi shi ne, na buɗe bonet kamar zan duba ruwa, na sassauta kan batir yadda hannu zai iya fizge shi, ban kuma danna bonet ɗin ya kulle sosai ba.

Damina ta fara, hanyar Mayo Bani duk ruwa ya cinye ta. Kowane rami muka faɗa, ina ganin wayar nan a zuciyata tana goga bakin ƙarfe. Ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, shi kuma yana kaɗa kai yana buga cinya.

“Taka mana! Gawa ka ɗauko?”

Mun bar gari sai na ji wari. Na ce, “Baba, kamar wani abu yana ƙauri.”

“Sabon kaya haka yake. Yana gasuwa ne ya zauna.”

Na ci gaba da tuƙi. Ina jin warin abincin 'ya'yana yana ƙonewa, na ci gaba da tuƙi, don wani ya aurar mini da 'yarsa. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake kasa zama wuri ɗaya.

Muna gangarawa rafin da ke kafin ƙauyensu, taya ta daki dutse. Muryar mai kukuma ta ja, ta yi kauri, ta mutu. Hayaƙi fari ya fito daga ƙarƙashin sitiyari, sai baƙi, sai na ga harshen wuta yana bin waya kamar an zuba mata kananzir. Na taka birki, na faɗo waje, na ɗaga bonet, na fizge kan batir. Na kwashi jiƙaƙƙen yashi da hannu biyu ina watsawa a ƙarƙashin allon mota, ina komawa ina ƙarowa, narkakkiyar roba tana ɗiga mini a bayan hannu. Tabon yana nan. Da wutar ta kai ga bututun mai, da sai dai a zo a kwashi ƙarfe.

Wutar ta mutu. Na zauna a kan yashi.

Manoman da ke shuka a bakin rafi suka rugo da fartanyoyinsu, duk mutanensa ne. Shi yana tsaye can gefe yana karkaɗe rigarsa. Wani ya ce, “Subhanallahi, Baba, me ya faru?”

Ya ce, “Yaran yanzu ne. Ga masu riwaya cike da tasha, amma shi ya ce sai ya haɗa da kansa. Allah ya sa ina cikin motar.”

Suka juyo suna kallona, suna sannu, suna girgiza kai. Wani har da yi mini nasiha, wai kowace sana'a da masu ita.

Ban yi ihu ba. Ban san yadda ake yi wa suruki ihu ba, ba a koya mini ba. Na tashi, na sa hannu cikin toka da yashi na lalubo gidan fis ɗin, ya narke ya lanƙwashe. Na ɓare shi. Takardar tana nan, ta yi baƙi amma ba ta tsinke ba. Na je gabansa, na durƙusa, na kama ta da hannu biyu kamar mai miƙa goro, na sa masa a tafin hannu.

Baba ya ɗago ta. Ya juya ta, ya duba, ya sake juyawa.

“Ka gani ko?” in ji shi. “Ita ba ta ƙone ba. Na ce maka ta fi fis.”

Ya jefar da ita a ruwa, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya tsallake rafin ya tafi gida.

Da shanun noma aka jawo motar zuwa bakin hanya, washegari wata babbar mota ta ja ta zuwa tasha. Wayoyin gaba duk sun narke sun haɗe. Masu riwayan nan da na raina, su suka yi aikin, ina zaune a bencinsu ina kallon haƙoransu a kan wayoyina, suna kirana Injiniya. Sunan ya bi ni shekaru. Motar ta yi makonni ba ta fita ba, daidai lokacin da ake neman mai kai taki ƙauye, masu ba ni lodi suka koma wajen wasu, waɗansunsu ba su dawo ba. Rediyon kuwa ko tari bai sake yi ba.

Ban gama da wannan ba sai ga saƙo daga Mayo Bani. Wai na ci mutuncin Baba a gaban jama'a, na sa masa shara a hannu. Matata ta yi ta kuka, ƙannen mahaifina suka ce in je in ba da haƙuri kafin magana ta yi tsawo. Na je. Da goro na je, a motar haya, hannuna a naɗe da tsumma. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ce na yi kuskure. Ya ce ya yafe, yaro ba ya rasa wauta.

Ban sake sa rediyo a motar nan ba har na rabu da ita. Gurbinsa ya zauna a buɗe, da baƙin hayaƙi a gefensa, ban ko goge ba. Duk sa'ad da na ɗauko Baba, a nan yake ajiye goronsa da kwalin sigarinsa, yana cewa wurin ya yi masa daidai. In tafiya ta yi nisa shiru ya ishe shi, sai ya ƙwanƙwasa bakin gurbin da yatsa.

“Har yanzu ba ka sayi wani ba? In ka saya kada ka taɓa, ka aiko a kira ni.”

Ni kuma in damƙe sitiyari har yatsuna su yi ciwo, in ce, “To, Baba.”