Fitilar Bayan Motar Malam Muhyi

A layinsu na Lugbe, wanda bai san Malam Muhyiddeen ba to ya san motarsa. Tsohuwar Fijo ce fara, ta girmi yawancin gadojin Abuja. Shi kuwa direba ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a wata ma'aikatar tarayya, yana ɗauko oga yana ajiye oga, har ritaya ta zo ta same shi da ƙafa a kan birki. Motar a hannun ogansa na farko ya saye ta tun yana saurayi, kuma tun ranar ya kafa mata doka guda: ba mai zama a kujerar direba sai shi. Makanike sai dai ya leƙa ta taga. Ƙaninsa Hadi, wanda ya shekara da shekaru yana jan motar haya zuwa Abaji, ya roƙi makulli har ya gaji ya bar wa Allah.

Malam Muhyi, kamar yadda ake kiransa, mutum ne mai son taimako, in dai taimakon bai haɗa da ba da makulli ba. Duk bikin da aka yi a layin, shi ke kai amarya. A wannan motar ma aka kawo matarsa Zulai. Saboda haka da aka sa ranar auren autarsa Nazeefa, bai tsaya shawara da kowa ba, ya sanar cewa Fijo ce za ta shige gaba daga Lugbe har gidan ango a Kurudu, sauran motoci su biyo baya.

Zulai ce ta fara zuba masa ruwan sanyi. Ta ce su biyo me? Fitilar bayan motar nan ko garwashin da ya kwana a murhu ya fi ta haske. 'Yan Kano da za su zo ba su san hanyar Kurudu ba, ga shi bayan magariba za a tashi, in aka shiga cunkoson motocin Nyanya suka ɓace masa, ranar sai dai a kai amarya ba dangi. Ta ƙara da cewa angon yana da aboki mai sabuwar mota, ya ce zai bayar.

Wannan magana ta sosa masa rai ƙwarai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zagin fitilun bayan mutane a titin filin jirgi, yau an ce tasa ce abar dariya. Laifi tudu ne dai. Da yamma ya kunna fitila ya zagaya baya ya duba, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani, amma a ba shi sukurdireba.

Daga ranar gidan ya koma gareji. Ya kwance jajayen murafen fitilun ya tarar da ƙurar da ta taru tun zamanin soja, har da gawar ƙadangare guda. Ya wanke su da omo, ya dirje su da man goge baki har Zulai ta ɓoye nata. Kwanon da ke bayan ƙwan ya yi baƙi, sai ya tafi wurin masu gasa kifi ya samo takardar nan mai ƙyalli ya lulluɓe shi da ita, motar ta yi kwanaki tana ƙanshin yaji. Ya kankare tsatsar da ta cinye wayar da ke manne a jikin ƙarfe, ya sayo sababbin ƙwai irin na zamani, duk da ya sha cewa hasken 'yan gayu ne.

Ƙaramar fitila ta fito tas. Sauran ta birki, kuma nan gizo ke saƙa, domin ita sai wani ya taka kana tsaye a baya za ka gan ta. Hadi ya zo ya ce, "Yaya, ni fa ba tuƙawa zan yi ba. Takawa kawai, wan minit." Malam Muhyi ya ce ya gode, Allah ya bar zumunci.

Ya gwada ja da baya zuwa jikin katangar maƙwabci don ya hango jan haske ta madubi, sai da katangar ta ba shi amsa da ƙara. Ya ɗora bulo a kan birki, bulon ya gangaro masa a yatsa. Daga ƙarshe ya saci taɓaryar Zulai ya tokare ta tsakanin kujera da birki. Dabara ce mai kyau, sai dai duk sanda ya zagaya ya kusa kaiwa baya, sai ya ji taɓarya ta zame ta faɗi. Haka ya yi ta sassarfa daga ƙofa zuwa bayan mota, dattijo da furfura, maƙwabta na kallo ta saman katanga kamar an sa musu fim.

Ana gobe ɗaurin aure Nazeefa ta fito, ƙafafunta sun sha lalle, ta tsaya tana kallonsa yana haki. Sai ta buɗe ƙofar direba ta tsaya riƙe da ita. Ya dube ta, ya dubi kujerar, ya ga babu gobe a wannan aikin. Ya ce ta shimfiɗa ɗankwali tukuna, kuma kada ta taɓa giya.

Ta taka. Bayan motar ya yi ja wur, har katangar da ya daka ta ɗauki haske. Malam Muhyi ya yi ta cewa ta saki, ta taka, ta saki, yana murmushi kamar an ba shi kujerar Makka. Ya kira Zulai ta zo ta ga garwashin da ta raina.

Zulai ta duba, ta yaba, sannan ta yi tambayar da ta daɗe tana ajiye da ita. "Malam, to wa zai tuƙa?"

Ya ce wace irin tambaya ce wannan.

"Duk amaren da ka kai, ka taɓa ganin uban amarya a cikin motar?"

Ya lissafa a ransa. Amare ba iyaka ya kai ɗakin miji, kuma kowane karo yana barin uban a ƙofar gida, bai taɓa waiwayarsa ba. Shi har yau direba ya ɗauki kansa, ya manta wannan karon shi ne wanda ake bari. Abin ya yi masa zafi, ya zauna a kan bulon nan. Ko dai sabuwar motar abokin ango ta ɗauki 'yarsa, ko ya saki makulli.

Ranar kai amarya, bayan sallar magariba, ya kira Hadi gefe. Huɗubar da ya yi masa a kan giya ta biyu da ramukan hanyar Karu ta fi nasihar da ya yi wa amarya tsawo. Hadi ya yi ta cewa to Yaya, ya miƙa hannu, sai da ya ɗan ja kafin makullin ya bar yatsun yayansa.

Aka sa Nazeefa a baya tsakanin gwaggonninta, aka yi guɗa, Fijo ta shige gaba, 'yan Kano suka bi ta a jere. Malam Muhyi ya fito tsakiyar layi ya tsaya. Tunda ya mallaki motar nan bai taɓa ganin ta tana tafiya ta bar shi ba. Layin dogo ne, motoci da yawa, amma jar fitilar nan ta fita daban a cikinsu. Da tsohon haskenta ne, da tun a shagon mai cajin waya ta ɓace masa. Yanzu kuwa yana ganin ta a kowane rami in Hadi ya taka birki, har can bakin titi inda ta tsaya, ta yi ja sosai, ta karya kwana.

Zulai ta zo ta tsaya kusa da shi. Bai juyo ba, ya ce, "Ƙwan nan na zamani haskensu ya yi yawa. Har ruwa suke sa ido."

Ta ce, "Haka ne, Malam," ta miƙa masa gefen mayafinta.