Hannun Mai Aski da Karatun Auta

Shagon bai fi ɗakin kaji girma ba: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsaga a gefe, sai bencin da ake zaman jira da gulma. A nan Mai Aski ya tsufa. Da kujerar nan ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, kuma shi duk lissafin duniya da kawunan mutane yake yin sa. Ka ce masa shinkafa ta tashi, sai ya ce, "To, kai nawa ke nan?"

Abin da bai gaya wa kowa ba, har matarsa, shi ne hannunsa na dama ya fara rawa. Injin aski yana rufa masa asiri, tunda shi ma karkarwar yake yi. Aska kuwa ba ruwanta. In zai gyara gemu sai ya dafa ɗan yatsa a kumatun mutum, ya riƙe numfashi har ya gama.

Ana cikin haka Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta samu gurbi a jami'a, har da tallafin karatu. Unguwa ta ɗauka wai yarinya za ta yi karatu kyauta. Masu zaman benci, waɗanda ko sisi ba za su bayar ba, su suka fi kowa murna.

Wata rana da hantsi, shago ba kowa, ta shigo da waya a hannu.

"Baba, tallafin nan fa kuɗin makaranta kawai ya ɗauke. Ɗakin kwana, abinci, littattafai, kuɗin mota, duk namu ne. Yau ake rufe karɓar gurbin."

Ta faɗi abin da ya rage a shekara. Nan take ya mayar da shi kawuna. Ba wai ba zai yiwu ba. Zai yiwu, in hannun ya yarda ya kai shi shekara huɗu, shi kuwa ko na watan gobe ba shi da tabbas.

"Kai nawa kake yi a rana, Baba? In saka a waya mu gani."

Ya cusa hannun a aljihu. Ya dubi fuskarta, ya faɗi adadin da yake yi tun yana da ƙarfinsa.

Ta danna, ta danna, sai ta yi tsalle. "Ya isa! Har da ɗan canji! In karɓa?"

"Karɓi mana, uwata."

Ta karɓa, ta fita da gudu ta kai wa mahaifiyarta labari. Shi kuwa tsoro ya rufe shi, har sai da ya zauna a kujerar askin, inda ba ya zama.

Bai daɗe ba wani tsohon direba ya shigo, mutumin da tun gemunsa yana baƙi ba wanda ke taɓa masa shi sai Mai Aski. Suka gaisa, direba ya yi masa barka da abin arziki. Mai Aski ya yafa masa ƙyalle, ya gama da kai, ya miƙa hannu zai ɗauki aska.

Direba ya yi gyaran murya, idonsa a ƙasa.

"Bar gemun, abokina. Daga yau inji kawai ya isa."