Mari a Bakin Famfo

Ran Talatar nan wata ɗalibata ta saki bokitin ƙarfe a kan siminti a bayan ajinmu, ƙarar ta shigo ta taga ina tsakiyar rubutu a allo. Sai da na tsaya da alli a hannu. Yanzu kowa ya koma roba, ban ma san inda yarinyar ta samo wannan tsohon bokiti ba, amma ƙarar na san ta. Ita ce ƙarar safiyar gidanmu na Dutse Alhaji, lokacin ina 'yar shekara goma sha uku.

Idan ba ka taɓa zama a irin gidan ba, bari in kwatanta maka. Ɗakunan haya ne jere, ƙofa na kallon ƙofa, da siririn lungu a tsakani inda kowa ke ajiye risho da takalma. Famfo ɗaya ne a tsakar gida, ruwa kuma sai ya ga dama yake zuwa. Mai gidan da iyalinsa suna sashen gaba. Shekarun da soja suka koma bariki ne, kuɗi sun shigo gari, ana ta gini a cikin birni ana ta rusau a gefensa. Duk wanda aka rushe wa ɗaki sai ya ɗaure katifarsa ya nufo hanyar Bwari. Ɗaki ya yi wuya ƙwarai, wanda ya samu kuwa ba ya wasa da shi.

Mu huɗu ne a ɗaki da falo: ni da ƙanena da Umma, sai Kaka, wadda ta haifi babana. Babana direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, ya rasu a hatsarin mota ina aji huɗu na firamare. Bayan Umma ta fita takaba ma'aikatar ta ɗauke ta aikin buga takardu, domin ta yi sakandare kuma hannunta ya iya tafireta. Dangi suka ce Kaka ta koma gida, ta ce inda jikokinta suke nan ne garinsu. 'Yar gajeruwa ce, ƙafafunta sun gama da ita, amma bakinta lafiya lau. Ni Barkono take ce mini, wai tun ina zanen goyo zuciyata a kusa take. Ba ƙarya ta yi mini ba.

Damina ce a lokacin. Ruwan Abuja ba ya sallama, sai dai ka ga duwatsun nan sun yi baƙi, kafin ka kwashe shanya ya sauko. Titi ya cika da ƙamshin gasasshiyar masara, matan Gwari suna shigowa da sabuwar doya a kafaɗa. Wata ranar aiki da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar ma'aikata ta lalace, sai ogan su Umma ya sa direbansa ya kai matan ofis gidajensu. Umma ce ta ƙarshe da aka sauke. Baƙar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, ta fito ita kaɗai daga baya, matar mai gida kuwa tana tsaye a baranda tana kallo.

Abin ya faru ne wata Asabar da hantsi. Ruwa ya zo, bokitai sun yi layi. Dokar famfo a gidan nan ɗaya ce, bokitinka shi ne kai, inda ka ajiye shi nan ne wurinka. Namu ne na biyu. Sai matar mai gida ta fito da baho, ta sa ƙafa ta ture namu gefe. Na ce, "Hajiya, namu ne a gaba." Ba ta ko dube ni ba. Ta juya wajen matan da ke tsaye ta faɗi magana ɗaya. Har yau ba zan rubuta ta yadda ta fito daga bakinta ba. Ta dai haɗa rasuwar babana da aikin Umma da baƙar motar nan ta ƙulla su wuri guda, ta kira uwata da sunan da ake kiran matan banza.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na yi ɗage, don ta fi ni tsawo, na ɗauke ta da mari. Ƙasan famfon duk gansakuka ce, santsi ya kwashe ta, ta faɗi zaune a cikin ruwan kwata, ɗankwalinta ya yi gefe. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana malala daga bokitin wani. Wata maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar asibiti daga Filato da muke kira Maman 'yan biyu, ta riƙo ni ta baya tana cewa da irin Hausarta, "Kai yarinya, ka kashe mamanka yau."

Gaskiya zan gaya maka, a wannan ɗan lokacin daɗi na ji. Tafin hannuna yana zafi, zuciyata kuwa ta yi sanyi. Na ɗauka na wanke uwata a gaban kowa.

Umma tana ɗaki tana guga. Ta fito, ta dubi matar, ta dube ni, ta ɗauki ɗankwalin ta matse ta miƙa mata. Ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Kafin azahar mai gida ya aiko cewa mu kwashe kayanmu kafin ƙarshen wata. Umma ta zauna a bakin gado. Na san abin da take tunani: makarantarmu a nan take, motar aikinta a nan take tsayawa, ga tsohuwa da ba ta iya doguwar tafiya, kuma babu wani ɗaki a unguwar da ba a riga an kama ba. Liman da mijin Maman 'yan biyu suka yi ta kai-komo, da ƙyar mai gida ya yarda a zauna gaban mai unguwa washegari bayan la'asar.

A gindin mangwaron ƙofar mai unguwa aka zauna, maza a benci, mata a tabarma. An yi yayyafi da rana, ƙasa ba ta bushe ba. Kaka ta ce mu yi gaba, za ta biyo mu a hankali tare da ƙanena. Mai unguwa ya tsayar da ni a tsakiya.

"Kin mare ta?"

"Na mare ta, ranka ya daɗe."

"Me ta yi miki?"

"Uwata ta zaga."

"Me ta ce?"

Nan na tsaya. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Mu da aka yi mana tarbiyyar da ko sunan uwa ba a kama shi gatsau, ta yaya zan ɗauko wannan kalma in ɗora mata da bakina, ga maza zaune, ga ita a gabana? In na maimaita, ni na faɗa, kuma waɗanda ba su ji jiya ba yau za su ji daga 'yarta. Ya sake tambaya, na yi shiru. Ya juya wajen matan da suke bakin famfo, kowacce ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Ban ga laifinsu ba yanzu, kowacce tana da ɗakin da take tsoron rasawa. A lokacin dai ji na yi kamar in shaƙe su.

Daga nan zancen ya koma kan mari gaba ɗaya. Yarinya ƙarama, babbar mace, uwar wasu, matar mai gida, a gaban jama'a. Kowa ya tofa albarkacin bakinsa, babu wanda ya ƙara ambaton zagi. Mai unguwa ya ce in ana so mai gida ya janye maganar tashi, uwar yarinya ta ba da haƙuri yadda ya kamata.

Umma ta tashi daga tabarma. Atamfarta ta zuwa ofis ce a jikinta. Ta taka har gaban matar, ta sa gwiwoyinta biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri don Allah. Laifina ne, ni ce ban iya tarbiyya ba."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka kawo gawar babana, don ran nan ban gama sanin abin da ake ciki ba. Wadda aka zaga ita ce a ƙasa, wadda ta yi zagin tana zaune tana kallon gefe, kuma hannuna ne ya jawo haka. Aka ce ni ma in durƙusa, na durƙusa, na ba da haƙuri. Aka shafa fatiha, aka ce a tashi. Umma ta miƙe, ni na ƙi. Mai unguwa ya ce in tashi, Umma ta ja hannuna, na ƙanƙame wuri ɗaya. Na dai ƙudurta a raina cewa ko za a kwana a nan ba zan tashi a bar maganar uwata a haka ba.

Ana cikin haka Kaka ta ƙaraso, tana dafe da kafaɗar ƙanena. Ba ta nemi tabarma ba. Ta gaida mai unguwa da liman, sai da ta huce hakin tafiya sannan ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, yarinya ta yi laifi, uwarta ta biya da gwiwa, na hango tun daga can. Wannan ya wuce. Saura ɗaya. Kun tambayi yarinya abin da aka ce, bakinta bai ɗauka ba, da ma ta faɗa da ni zan fasa bakin. To ga mai maganar nan zaune. Ta maimaita, ga mijinta ga liman. In gaskiya ce, ni na haifi mijin wadda aka zaga, ni ya kamata in fara ji."

Duk aka juya ana kallon matar mai gida. Ta ce ita ba ta ce komai ba. Sai Maman 'yan biyu, wadda ita ma ɗakinta a hannunsu yake, ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, ka faɗa. Ni na ji da kunnena." Liman ya nemi Maman 'yan biyu ta matso ta gaya masa a hankali, ta gaya masa. Fuskarsa ta canza. Ya yi magana a kan nauyin ƙazafi ga matar da ba a kama da komai ba, bai ɗaga murya ba, amma mai gida sai gyara hula yake. A ƙarshe matar ta ce a yi haƙuri, ɓacin rai ne. A zaune ta faɗa, can ƙasan maƙoshi, ba ta durƙusa wa kowa ba. Mai gida ya ce mu zauna a ɗakinmu. Sai a lokacin na tashi.

A hanyar komawa Kaka ta dafa kafaɗata maimakon ta ƙanena, ta sakar mini nauyinta duka, da gangan na sani. Ta ce, "Barkono, da kin kawo mini maganar nan hannunki a naɗe, da yau ita kaɗai za ta sunkuyar da kai. Ke kika ba ta abin riƙewa." Na ce to in tsaya ina ji ana zagin uwata? Ta ce, "Wa ya ce ki tsaya? Cewa na yi ki zo. Ai ba hannu kaɗai Allah ya ba ki ba, har da ƙafa."

Mun ƙarasa shekarar a gidan, ana gaisawa sama-sama. Da ta ƙare Umma da kanta ta nema mana wuri a Masaka, ta gwammace sammako da cunkoson hanyar Keffi a kan zaman. Ban taɓa jin ta ce ni na jawo ba. A can Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Yau ni malama ce a makarantar sakandare, kuma ba a mako biyu ba a kawo mini yara biyu da yagaggiyar riga ba, ɗaya yana huci yana cewa an zagi uwarsa. Yanzu zagin ma ba a bakin famfo ake yi ba, a waya ake turawa, ya zaga aji kafin a tashi tara. Ba na ce wa yaro zagi ba komai ba ne, don ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Ba na kuma sa shi ya maimaita. Wanda ya yi dukan yana karɓar horonsa cif, sannan in juya ga ɗayan in ce ya faɗi abin da ya faɗa a gaban iyayensa. A kan wannan ba na sassauci, ko ɗan wane ne. Idan ka tambaye ni ko duka ya halatta a irin wannan wuri, zan ce maka a'a, kuma ba don mai zagin bai cancanta ba. Na ga wanda yake biya ne.

Umma ta yi ritaya, tana wurina. Kwanakin baya ina shafa mata man zafi a gwiwa, sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da na yi shekara da shekaru ina riƙe da shi, ko ta taɓa sanin abin da matar nan ta faɗa. Ta yi 'yar dariya ta ce ta riga ni ji, matar ta fi wata tana faɗa, ita kuma tana haɗiyewa saboda ɗaki. Na ce to ta yafe mini durƙuson da na jawo mata. Ta ce, "Na durƙusa, kuma ya yi mini ciwo. Amma tun rasuwar babanku, ran nan ne na fara sanin akwai mai jin zafina a gidan." Ta janye ƙafarta, ta miƙo mini ɗayar. "Kada dai ki sake."