Azurfa Marar Huda

A Garwa, in ka ga tsohon kuɗin azurfa na daular Turkawa, to da huda a jikinsa. Alhazan da suka je Makka a ƙafa ne suka dawo da su, matanmu kuwa ba su ga amfanin kuɗin da ba ya sayen gishiri ba, sai suka huda suka rataya a wuya. Da na bar koyarwa a lise, wato sakandare, sa'o'ina suka kama carbi, ni na kama tara waɗannan tsaba. Na cika gwangwanin alewa, duk hudaddu, alhali masana harkar sun ce huda ke kashe musu daraja.

Shekara huɗu ina neman lafiyayya guda ɗaya tak. A hannun wani ɗan kasuwar Kusiri na same ta, bayan ya rantse mini da Larabci, ya maimaita da Faransanci. Na naɗe ta a auduga kamar jaririya.

Wautata ɗaya, na nuna wa Inna. Ta haura tamanin, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. Ta juya ta gaba da baya.

"Kai wannan, an cuce ka," in ji ta. "Ba a gama ƙera ta ba."

Na yi mata lacca kan sa hannun sarkin Istanbul da ke jiki. Ta ce Allah ya ji ƙansa.

Na tafi Mokolo biki kwana uku. Na dawo na tarar da ita a tabarma, azurfata na reto a wuyanta da jan zare. Ashe moto, wato babur ɗin haya, ta hau har wurin maƙeri. Hudar ta bi ta tsakiyar sa hannun sarki.

"Na gyara maka," ta ce. "Ba sai ka gode ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tunda ba a zagin uwa, na shiga ɗaki na zagi maƙerin har kakanninsa.

Shekara biyu tana wuyanta. Ranar da ta rasu, matan da suka yi mata wanka suka miƙo mini azurfar, zaren ya yi baƙi da gumi da man kaɗanya.

Bara wani mai irin haukana ya zo daga Yawunde ganin gwangwanina. Ya ɗaga azurfar Inna a haske, ya ce kash, wane jahili ya ɓata wannan?

Na karɓe ta daga hannunsa. Na ce ya zaɓi duk wadda yake so cikin sauran, amma wannan, hudar nake ajiya.