Ranar Da Na Yanke Hukuncin Wane Ne Akta

Shekarun baya, tun kafin kowa ya fara yawo da fim a cikin wayarsa, ni da abokina muna da gidan kallo a Kaura Namoda, can bayan tashar mota. Na ce gidan kallo ne don in girmama shi, amma rumfar kwano ce da bencina da talabijin guda mai ƙatuwar ƙeya. Muna buɗewa bayan La'asar, mu tashi kafin Magariba, saboda mai unguwa ya rantse in ya ji ƙarar harbi ana kiran salla, shi da kansa zai zo ya kwashe bencinan.

Aikina shi ne baki. Na yi sakandare, ina jin Turanci daidai gwargwado, don haka ni ke riƙe makirufo a gefen talabijin ina fassara wa jama'a. Abin da na ji in faɗa, abin da ban ji ba in ƙirƙira, kuma Allah ya sani wanda na ƙirƙira ya fi yawa. Duk sauran aikin abokina ke yi. Shi ya kafa rumfar, shi ya haɗa wayoyin, shi ke zaune waje kusa da janareto yana lallashinsa. Kirista ne, iyayensa mutanen Binuwai ne. Aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinsa Kaura, a nan aka haife shi, kuma firamare ɗaya muka yi. Mutum ne da in ka gaishe shi da safe ya amsa, to ya kusa gama maganarsa ta yinin.

Wata rana na samo faifan wani fim na 'yan sanda biyu. Ɗaya ɗan Cana ne, wato ƙasar Sin, an turo shi wata ƙasa farautar wani mugu. Ba ya magana, amma in faɗa ya tashi, kujera, tsintsiya, bokiti, duk abin da hannunsa ya kai makami ne. Ɗayan ɗan gari ne, baƙin mutum mai surutun tsiya, wanda aka haɗa su aiki ba da son ransu ba. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai. Sati biyu muna haska shi, bencina na cika, wasu a tsaye.

To amma ya zo mana da rikici. Ku da kuka yi zamanin gidan kallo kun san dokarmu: kowane fim yana da akta ɗaya da bos ɗaya. Akta ba ya mutuwa, bos sai a ƙarshe. Da an fara fim, tambayar farko ita ce wane ne akta, don mutum ya san wanda zai bi. Wannan fim kuwa bos ɗinsa a fili yake, amma aktan ya gagara ganewa.

'Yan dako da 'yan acaɓa suka ce ɗan Cana ne, ba ma abin musu ba ne. Direbobi da 'yan kamasho suka ce mai surutu ne. Akwai wani ɗan dambe daga Banga da ke zuwa kullum, shi yana bayan ɗan Cana, amma da sharaɗi. Ya ce, "Shurin nan nashi ya yi, ba ni musu. Amma mutum ya buge ƙato bakwai ko haki bai yi ba? A kawo mini shi fage mu gani." Wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya kuwa cewa ya yi dukansu biyu ba 'yan sanda ba ne, don tun daga farkon fim har ƙarshe bai ga wanda ya zauna ya rubuta rahoto ba.

Wanda ya fi kowa zafi shi ne wani Alhaji, dillalin shanu, mutumin Shinkafi. In ya shigo Kaura sai ya biyo. Ya ce, "Ku yara ba ku san duniya ba. Wanga mai baki shi ya san hanya, shi ya san mutane, shi ke shigar da su inda ba a shiga. Ɗan Cana ƙarfi gare shi kawai. Ƙarfi kuwa ko sa na da shi, kuma ni ka saida shi."

Ranar wata Talata musun ya yi tsanani har aka fara nuna wa juna yatsa. Sai Alhajin ya ɗaga hannu ya ce, "Ku tsaya. Ga mai fassara nan, shi ke jin abin da suke cewa. Malam, raba mu. Wane ne akta?"

Jama'a, an ce mini Malam, an ba ni alƙalanci, ga makirufo a hannuna. Kaina ya kumbura. Ni dama mai surutun nake so, don a bakinsa nake zuba duk barkwancina. Sai na gyara murya na ce, "Ku duba da kyau. A garin wa ake fim ɗin nan? A garin mai surutu. Ɗan Cana zuwa ya yi. Baƙo ba ya zama akta a garin mutane, komai iya faɗansa. Taimako ya zo yi, in an gama ya ɗauki jakarsa ya koma gida."

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma na ji an yi shewa, daɗi ya kwashe ni, sai na nuna tagar da abokina ke leƙowa na ƙara da cewa, "Kamar ni da mutumina ke nan. Ni ne akta, shi baƙo ne mai taimako."

Aka fashe da dariya, har da masu buga benci. Na waiwaya don mu yi dariyar tare, na ga ya janye kansa daga tagar. Bai kashe janareto ba. Ya bari fim ya ƙare, mutane suka watse, ya naɗe wayoyi yadda ya saba, ya miƙo mini makullin rumfa. Makullin nan kullum a aljihunsa yake kwana. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." Ya hau kekensa ya tafi.

Laraba bai zo ba. Na ce fushi ne na kwana ɗaya, zai huce. Alhamis kuwa ranar kasuwar Shinkafi ce, kuma mun saba ɗaukar kaya mu je mu haska a can, wani lokacin mu yi Zurmi. A lokacin hanya lafiya take, ba ka tunanin komai sai ramuka. Na jira shi a tasha har rana ta ɗaga, bai zo ba. Girman kai ya hana ni zuwa shagonsa na gyaran rediyo. Na ce wai shin janareto aljani ne? Ba igiya ake ja ya tashi ba? Na loda kaya a mota ni kaɗai.

Ya kuwa tashi. Rumfar da muke ara ta cika maƙil da 'yan kasuwa da mutanen Badarawa da suka gama cinikinsu. Ina ta zuba, ana ta dariya. Akwai wani wuri a fim ɗin da 'yan sandan biyu suka ɓata. Mai surutu ya gaya wa ɗan Cana magana mai zafi, manyansu suka sallami ɗan Canan, ya shiga mota zai bar garin, a daidai lokacin da yaran bos suka kama mai surutu suka ɗaure. Motar na tashi, janareto ya yi tari sau biyu ya mutu.

Na ja igiya har kafaɗata ta sage. Na buɗe abin da ban san sunansa ba, na hura, na mayar. Ko motsi. Mutane suka fara miƙewa. Wani dattijo mai rawani ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ai mun ga ƙarshensa. Baƙon ya gudu ya bar abokinsa a hannun maƙiya. Dama haka suke."

Na ɗaga murya, ba makirufo, na ce, "Baba, wallahi zai dawo! Zai sauka daga motar ya dawo ya cece shi. Na kalla ya fi sau ashirin!"

Ya ce, "Kai ka gani. Mu ba mu gani ba."

Maganarsa ta "dama haka suke" ta tsaya mini a rai tun daga Shinkafi har Kaura. Na ji ta yi mini muni a bakinsa. Sai can wajen rabin hanya na gane ashe tawa ce ta ranar Talata, ya dai gajarta ta. Ina zaune bayan mota na rungume mataccen janareto, ina ta rantse wa mutane ɗan Cana zai dawo, alhali ban san ko nawa abokin zai dawo ba. Tsoro ya kama ni, ba tsoron rasa gidan kallon ba, tsoron rasa abokina.

Da na isa gida mahaifiyata na tankaɗe a tsakar gida. Abokina ya saba cin tuwonta kusan kullum, har kwanonsa daban take ajiyewa. Ba ta ko amsa sallamata da kyau ba ta ce, "Kwana ukku kwanon yaron nan na dawowa da tuwo. Mi kay yi mishi?"

Na ce, "Inna, wasa ne fa na yi." Na ba ta labari, ina ɗan dariya don abin ya yi sauƙi. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye rariya ta ce, "Ranar da anka rufe ubanshi, ina anka kai shi?"

Na ce, "Nan bayan gari."

"Wa ya riƙe shebur?"

Na ce, "Ni ne." Ni da shi muka yi ta karɓa-karɓa har aka gama.

Ta ce, "To wane gida kake so ya ɗauki jaka ya koma? Kai dai Allah ya ba ka baki, bai ba ka linzami ba. Tashi ka ba ni wuri."

Washegari da hantsi na ɗora janareto a baro na tura har shagonsa na gyaran rediyo. Na shirya jawabi mai kyau a hanya. Da na isa na fara, ina kawo wasa ne, ina kawo shaiɗan ne, ina kawo ai kowa ya san yadda muke. Bai ɗago ba. Ya kwance fulogi, ya duba, ya ce, "Miƙo mini sifana." Na miƙa. Na ci gaba da zuba. Can ya ce, "Ka san abin da ya dame ni? Ba maganarka ba. Dariyar. Mutanen nan tare muka tashi, ni ke gyara musu rediyo. Ko mutum ɗaya bai ce a'a, wanga ɗan Kaura ne ba."

Nan jawabina ya ƙare. Na ce, "Ka yafe mini." Iyakarta ke nan. Ya ja igiya sau ɗaya janareto ya tashi. Ya ce, "Fulogi ne. Kuma man da ka zuba da datti a ciki. Gobe ma ka sake tafiya ba tare da ni ba." Ya miƙo hannu, na sa masa makullin rumfa.

Da yamma na ɗauki makirufo kafin a fara fim, na ce na janye hukuncina. Na ce fim ɗin akta biyu gare shi, kuma mai janareton nan ɗan Kaura ne, ya ma riga ni zuwa duniya a cikinta da wata huɗu. Ina zaton za a yi tafi. Ina! Alhajin Shinkafi ya ce fim mai akta biyu ba fim ba ne, ruɗani ne. Ɗan damben Banga ya ce dama bai taɓa yarda da alƙalancina ba. Musu ya koma sabo. Na dubi taga, na ga abokina yana dariya har da riƙe ciki.

Yau in na ga mutane na musu a kan fim a waya, wannan ya ce wane ya fi, wancan ya ce ƙarya ne, sai in tuna rumfar nan. Na lura da wuya mutum ya faɗi ra'ayinsa a kan fim bai faɗi wani abu a kan kansa ba. Dillali ya zaɓi mai baki, ɗan dambe ya zaɓi mai shuri, ni kuma na tona wani abu da ban san yana cikina ba. Har yanzu in na tuna dariyar nan kunya nake ji, don ni na jawo ta.

Gidan kallon ya daɗe da mutuwa, waya ta kashe shi. Da hanyoyinmu suka lalace da rashin tsaro, mutane da yawa sun tashi, ni ma aiki ya kai ni Kaduna, yau shekara da shekaru. Shi yana nan. Shi ke kai mahaifiyata asibiti in ƙafarta ta motsa, shi ke kirana ya ce an kawo wuta ko rufin ɗakinta na yoyo. Duk Sallah in na zo gida, shi nake tararwa a tasha yana jira. Ya karɓi jakata ya ɗaure a bayan babur, ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, baƙonmu. Yaushe za ka koma?"