Ranar da na hura wa mahaifina wuta

Shekarun baya, kafin a gyara layin tsakiyar kasuwarmu ta Bodinga, mahaifina yana da rumfa a gindin wata bishiyar dogon yaro, dab da inda hanya ta karya zuwa masallaci. Mu maƙera ne tun kakanni. Ni na fara fita daga sana'ar gidan, na koyi ɗinki, don tun ina ƙarami ba na jure zafin wuta. Shagona yana cikin layin, tsakanina da shi bai wuce rumfuna goma ba.

A lokacin da nake ba ku labari, yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Yana bambanta haske da duhu, amma ba ya gane fuska. Damina biyu ke nan bai kunna wuta a maƙerar ba. Zuga-zuginsa, wato jakunkunan fatar da ake hura wuta da su, suna rataye cikin buhu a saman rumfa. Abin da ya rage masa shi ne aikin da hannu ke gani: ya sa wa fartanya ƙota, ya wasa lauje da wuƙa a kan dutse. Manoma daga Danchadi da Mandera sukan kawo masa kayansu ranar kasuwa, su zauna a tabarmarsa, su ba shi labarin ruwan sama da na albasa.

Kullum shi kaɗai yake zuwa, ba ya yarda a riƙe masa sanda. Ya taɓa lissafa mini yadda yake gane hanya. In ya fito gida sai ya bi katangar masallaci da hannun hagu. In katanga ta ƙare sai ya nufi ƙarar injin niƙa. Daga nan warin daddawa zai karɓe shi, sai katakon da aka ɗora a kan kwata, sai sanyin inuwar dogon yaro. Shi ke nan ya iso.

Mahaifiyata takan ce ya huta haka nan. Sai ya ce, “In zauna gida in yi mi? In riƙa sauraren ki kina hwaɗa da awaki?”

Wannan tafiyar ita ce abin da ya rage masa na kansa. Ban gane haka ba sai daga baya.

Wata ranar kasuwa da hantsi, abokina, tela ne shi ma, ya leƙo shagona yana haki. Ya ce ga wasu mutane can bakin layi da takardu da waya, suna bin rumfuna suna rubuta masu sana'a.

Ku da kuke birni wataƙila ba za ku gane ba. A wurinmu, duk wanda ya zo da takarda yana rubuta suna, tallafi ke nan ya zo. Kuma kowa ya san ƙa'idar: wanda ba a tarar da shi yana aiki ba, ba a rubuta shi. An taɓa zuwa rubuta masu lambu, har waɗanda ba su taɓa riƙe shebur ba suka ari fadama suka tsaya a ciki, ƙafa duk laka. Wasunsu sun sami injin ban-ruwa.

Ashe an yi shela kwana uku kafin nan. Na ji mai shela ya wuce, amma ƙafata tana kan keke, ina sauri in gama wata riga. Abin da kunnena ya kama kawai shi ne “masu sana'a” da “za a zo”. Sauran na cike shi da son raina.

Na bar rigar a ƙarƙashin allura na ruga rumfar mahaifina.

Na ce, “Baba, masu tallafi sun zo. In suka tarar da kai kana sa ƙota, cewa za su yi kai ba maƙeri ba ne. Bari a kunna wuta.”

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, “Wa za ya hura? Kai?”

Na ce ni.

Ya yi 'yar dariya. “Ɗinki bai cinye maka hannu ba?”

Na sauko da buhun, na kakkaɓe zuga-zugin, na shafa musu mai don fatar ta bushe. Na karɓo gawayi wurin mai shayi. Rabona da zama a wannan wurin tun kafin in yi aure, amma hannu bai manta ba. Dama, hagu, dama, hagu. Wuta ta kama, ta yi ja, ta fara huci. Mahaifina ya matso da fuskarsa har sai da na ji tsoro. Ya lalubo awartaki, ya sa wani guntun ƙarfe a wuta. Bai tambaye ni ko ya yi ja ba. Da ƙarar wutar da zafin da ke dukan fuskarsa ya gane. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya fara duka da masaba, tartsatsi yana tashi har rufin rumfa.

Mutane suka taru. Wani dattijo daga Mandera ya ce, “Sarkin maƙera ya dawo.” Na ga bayan mahaifina ya miƙe.

A haka jami'an suka iso, su uku. Na ƙara wa wuta iska don su gani da kyau. Babbansu ya gaida mahaifina da ladabi, ya tambaye shi sana'a.

Ni na riga shi amsawa. “Ƙira, ranka ya daɗe. Ga ta nan kana gani.”

“Kullum ana kunna wuta a nan?”

“Kullum,” na ce. Har na ƙara da cewa tun zamanin kakana ba ta taɓa mutuwa ba.

Ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauke mu hoto. Na gyara zama na yi murmushi. Na ukun ya tsoma buroshi a gwangwani ya shafa jan fenti a jikin dirkar rumfar. Da suka zo shagona kore suka shafa. Na tuna har na ji haushi, ina zaton masu ja ne za su fi samun kaso mai tsoka.

Bayan mako biyu aka manna takarda a bakin kasuwa. Za a mayar da layin tsakiya na masu tafiya a ƙasa kaɗai. Babur ba zai shiga ba, balle amalanke. Kowace sana'a da nata layin: teloli da masu yadi a ciki, masu hatsi a gabas, injin niƙa a baya. Kaya ba za su wuce zanen da za a ja a gaban kowace rumfa ba. Duk sana'ar da ke aiki da wuta kuma za ta koma sabon fili a wajen gari, a kan hanyar Shagari, tsallaken kwalta. Jan fenti shi ne alamar masu wuta.

Ba zan ce dokar ba ta da dalili ba. Gobara ta taɓa tashi a layin ta cinye rumfunan masu yadi, kuma babura sun sha buge tsofaffi da mata masu ɗauke da kaya. Na karanta takardar sau biyu a tsaye.

Na je wurin kwamitin da ke sauraren koke. Na sa babbar rigata mafi kyau. Na yi bayani cewa mahaifina ba ya gani, damina biyu bai kunna wuta ba, ƙota kawai yake sawa, kuma masu sa ƙota an bar su a ciki. Shugaban kwamitin ya saurare ni har na gama. Sannan ya latsa waya ya juyo mini da ita. Ga ni nan zaune, hannuwa a kan zuga-zugi, haƙora a waje, wuta tana ci kamar ta gidan biki.

Ya ce, “Malam, wannan ba kai ba ne?”

Na ce ni ne.

“Kuma kai ka ce kullum.”

Na ce ƙarya na yi.

Ya dube ni, ba da fushi ba. Ya ce, “To wace magana zan ɗauka, ta ranar ko ta yau? In na goge naka, masu gasa nama da masu walda duk za su zo gobe su ce su ma ƙarya suka yi.”

Na koma sau biyu, na kai dattawan unguwa, amsar ba ta canza ba.

Ban iya gaya wa mahaifina da bakina ba. A masallaci ya ji. Da na shiga gaishe shi da la'asar, sai ya ce, “An ce muna tashi.” Na ce haka ne. Ya ce, “To.” A gidanmu ɗa ba ya tsare uba da irin wannan magana, uba ma ba ya tone ɗa. Kowa ya san abin da ya faru, muka bar shi a tsakaninmu.

Mu huɗu muka ɗaga uwar maƙera muka sa a amalanke. Sabon filin babu ko bishiya ɗaya. Manyan motocin albasa suna wucewa a kan kwaltar ba dare ba rana, ƙararsu ta rufe duk wata ƙara. Mutumin da ke tafiya da kunne ba shi da abin kamawa a wurin. Sai na riƙa ɗaukar sa a babur da safe in dawo da shi da yamma. Yakan riƙe rigata ta baya da hannu biyu. Manoman da suka saba zama a tabarmarsa kuwa, in sun gama cinikinsu a cikin kasuwa, rana ta yi, ba kowa ke iya tsallakowa ba. Wata rana na je ɗaukar sa na tarar ruwan da ya zuba a kan dutsen washi ya bushe, babu lauje ko ɗaya da ya taɓa.

Na ce to ya dawo shagona ya zauna. Amma layin teloli ba a wasa ƙarfe a cikinsa, kuma tabarma ba ta wuce zane. Na ba shi kujera a ciki, kusa da keke. Ya yi kwana biyu, hannuwansa a kan gwiwa. Rana ta uku ya ce, “Kai, ni ba tsumman yadi ba ne da za a aje a kusurwa.”

Sau ɗaya ya gwada fitowa shi kaɗai bayan an gama gyaran. Ya bi katangar masallaci har ta ƙare, ya tsaya yana jiran ƙarar injin niƙa. An mayar da injin baya. Masu daddawa sun koma gabas. An rufe kwata da siminti, babu katako. Abokina ne ya gan shi tsaye a tsakiyar layin, mutane suna kewaye shi suna wucewa, hanya shimfiɗe sumul, shi kuma bai san inda zai sa ƙafa ba. Ya kama hannunsa ya kai shi gida. Wannan ne karo na farko da ya yarda aka riƙe shi, kuma bai sake fita kasuwa ba.

Bai yi wata jinya mai suna ba. Abinci ne ya ragu, sai magana, sai tashi. Kafin damina ta zagayo ya kwanta.

Wata safiya ina zaune kusa da shi, mahaifiyata ta fita tsakar gida, na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan sami wani lokaci ba.

Na ce, “Baba, wutar nan da na kunna. Ni na jawo. Ka gafarce ni.”

Can ya ce, “Wutar ta yi kyau ranar.”



Ya ce, “Amma hannunka na dama ya hi na hagu sauri. Tun kana ƙarami nike hwaɗa maka. Shi kaɗai na laihinka.”

Bayan kwana shida Allah ya karɓi abinsa.

Yau in kuka zo layin nan za ku yaba. Mata suna tafiya da kaya a ka ba mai yi musu hon, tsofaffi suna tsayawa su gaisa a tsakiyar hanya. Cinikina ma ya ƙaru, ba zan ɓoye ba. Na san ajali ba ya jiran fenti, ja ko kore, kuma ban riƙe waɗanda suka tsara dokar a zuciya ba. Sun tambaya, ni na amsa. Abin da na koya ƙarami ne: in mai shela ya zo wucewa, nakan ɗage ƙafata daga keke har ya gama. In mai takarda ya yi tambaya, nakan tambaye shi ta mece ce kafin in buɗe baki.

Abin da har yau ban iya warwarewa ba shi ne wannan: ranar da na raba shi da rumfarsa, ita ce rana ta ƙarshe da na ga bayansa a miƙe. Na kasa yin nadamarta gaba ɗaya, na kuma kasa yafe wa kaina ita.

Dogon yaron yana nan, an gina benci a gindinsa. Guntun ƙarfen da ya buga ranar, bai kai ga zama komai ba, jami'an suka iso. Yana cikin aljihun kekena, da shi nake danne yadi in iska ta taso. Allah ya ji ƙan mahaifina, ya haskaka masa kabarinsa. Wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.